Baffa da Lasisin Babur

Ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Tsinke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke yi mini tsiya in na daɗe a zaune. Innarki tana gaishe ki. Hawan jininta ya sauka tunda ta bar gishiri, ko da yake ni nake shan wahalar girkin.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Ɗakunan nan biyu da asibiti ya ba mu, in ka yi tari a ɗaya ana jin ka a ɗayan, ni kuwa ba na so innarki ta ji wannan maganar. Shi ya sa ban kira ki a waya ba. Dogo mai bas zai miƙa wa mai gadin ofishinku.

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina jan motar asibitin nan. Kullum ƙarfe tara zan ɗauki akwatin sanyi, in zaga ƙananan asibitoci biyar in karɓi kwalaben jini, in kai babban ɗakin gwaji kafin azahar. Ban taɓa fasa kwalba ba, ban taɓa gogar motar wani ba. Sai ga sabon manaja, yaron da ko gemu bai gama haɗawa ba, wai mota tana ɓata lokaci a cunkoso, za a sayar da ita, an sayo babura biyu. Ya kira ni ofis, ko zauna bai ce mini ba. Ya ce nan da mako takwas yana son ganin lasisin babur a kan teburinsa, in babu in ajiye aiki. Kin san kuma ɗakunan nan tare da aikin suke tafiya.

Na zaro lasisina na ajiye masa. Ya ɗaga da yatsa biyu ya ce, "Baba, ai wannan na mota ne." Na ce mutumin da ya shekara ashirin da bakwai da ƙafa huɗu, ƙafa biyu ce za ta gagare shi? Ya yi mini wani murmushi wanda har yanzu ban manta da shi ba.

To ga hotona biyu da kwafin lasisin. Ke kike gwada mutane tuƙi a ofishin lasisi. Ki ƙara mini babur a kai, ki buga hatimi, ki ba Dogo ya kawo. Ba ƙarya na ce ki yi ba, ai kin san tuƙina. Ni da mahaifinki 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma da ya rasu ni na zaunar da ke a gaban sitiyari, lokacin da sai an sa miki matashi biyu kike hango titi.

Kada innarki ta ji.

Baffanki direba


Ranar Laraba

Tsinke,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, in har kina son sani.

Yau kwana goma sha shida da na aiko miki takarda. Dogo ya rantse mini ya sa ta a hannun mai gadi. Kullum da yamma ina tsaye a tasha kamar mai jiran baƙo, har masu lodin kaya sun fara tambayata ko na canza sana'a. In aikin ya fi ƙarfinki ki faɗa mini. In kuma kin girma ne har baffanki ya zama abin a ajiye a aljihun tebur, shi ma ki faɗa mini, ba zan mutu ba.

Manaja ya riga ya liƙa hoton motata a allon sanarwa, an rubuta ta sayarwa ce. Da hannuna na wanke ta aka ɗauki hoton. Saura mako shida babu kwana biyu.

Baffanki


Ranar Asabar

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Allah ya ƙara mata sauƙi, kai kuma ya sawwaƙe maka gwiwar. Mu duka lafiya, autata ce kawai ta yi zazzaɓin haƙori, ta warware.

Baffa, ban yi banza da kai ba. An tura ni wani reshe na mako biyu, jiya na dawo na tarar da takardunka biyu tare. Na karanta ta biyun kafin ta farkon, na sha faɗa ban san laifina ba.

Abin da manajan nan ya yi maka ya ɓata mini rai ƙwarai. Amma abin da ka ce in yi, ba zan yi ba, kuma gara in faɗa maka ƙarara tun yanzu. Lasisin mota na mota ne. Abin da yake rage maka shi ne jarrabawar dokokin hanya, ba sai ka sake zaunawa ka rubuta ba. Gwajin ido da gwajin fili kuwa sai ka yi su, ko da kai ka ƙera motar.

Na san tuƙinka a mota, Baffa, ban san tuƙinka a babur ba. Yaushe rabonka da hawa? A filin nan namu, waɗanda suka fi ba mu wahala su ne tsofaffin direbobi. Hannu ya saba, ƙafa ta saba, sai jiki ya yi abin mota a kan babur, mai shi bai ma sani ba.

Ga abin da na iya yi. Na cike maka takardar koyo, na sa sunanka a gwajin ranar Talata ta sama, ba wannan ba, mai bi mata. Mutane suna jiran wata biyu kafin su samu wannan gurbin. Ka zo tun ranar Asabar mai zuwa, ka sauka a gidanmu. Maƙwabcinmu yana koyar da babur, ya ce zai ba ka kwana uku a filin bayan makaranta, da babur da hular kwano. Ba ni zan gwada ka ba, doka ta hana mu gwada 'yan uwa.

Ba zan faɗa wa Inna ba, tunda ka hana. Amma ni da kai ne, da na faɗa mata.

'Yarka Tsinke


Ranar Alhamis

Tsinke,

Gaisuwar da zan yi miki ita ce Allah ya saka mini. Gwiwar hannuna ta kumbura, na ce wa innarki a banɗakin tasha na zame.

Kin ji daɗi yanzu? Kin tara mini yara sa'annin jikokina, kin sa na tsaya a layi da lamba a ƙirji, ana tambayata ko ɗana na rako. Kin haɗa ni da wannan mai gwajin, mai gilashin nan, mutumin da ko amsa gaisuwa ba ya yi sai da hanci. Eh, ban zo ranar Asabar ba, da safiyar Talatar na iso. Wa zai kai jinin mutane in na tafi kwana uku ina zagaya filin makaranta? Kuma ni ba baƙon babur ba ne, na hau shi tun kafin a haife ki.

Ki tambayi mai gilashin in yana da gaskiya. Robobin da kuka jera na bi su ɗaya bayan ɗaya, guda biyu kawai na taɓa. Na yi kwana, na dawo. Da na zo farin layin da aka ce a tsaya, na tsaya cak, tayar gaba ba ta taɓa fenti ba. Yaran nan babu wanda ya tsaya haka. Abin da ya faru bayan nan ɗan ƙaramin abu ne. Na tsaya, na zauna ina jiran ya ba ni hannu in wuce, na manta ban sauke ƙafa ba. Shekara ashirin da bakwai in na taka birki mota tana tsayawa da kanta, ban taɓa riƙe ta da ƙafa ba. Sai na ji ƙasa tana tasowa a hankali, na kwanta ta gefen hagu da babur a kaina.

Dariyar da aka yi mini a filin nan ba zan manta da ita ba har kabari. Wani har da zama a ƙasa yana riƙe ciki. Shi kuma mai gilashin ko ɗaga ni bai yi ba, rubutu yake ta yi. Ya ce ba faɗuwar kaɗai ba ce, wai tun kwanar farko siginata ta hagu take kunne, kuma ban waiwaya ko sau ɗaya ba. To sigina ba da kanta take mutuwa ba in an miƙe hanya? Madubi kuma na mene ne?

Na gan ki a taga, Tsinke. Kina tsaye da biro a hannu kina kallo. Na ji kina kirana a bakin ƙofa, da gangan ban juyo ba. Minti ɗaya zai ɗauke ki ki buga hatimin nan, amma kika zaɓi ki ga baffanki a kwance cikin ƙasa. Na riga na ce wa manaja 'yata ce a ofishin, an gama komai. Yanzu me zan ce masa? Saura mako huɗu babu kwana uku.

Baffanki, in har yanzu kina ɗaukata haka


Ranar Lahadi

Baffa,

Ina gaishe ka, ya hannun? Ka sa a duba maka shi, ai a asibiti kake kwana kake tashi.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, raina a ɓace yake nima. Na share ɗaki, na canza zanen gado, na roƙi maƙwabci ya soke ɗalibansa na kwana uku. Asabar na je tasha, Lahadi na je tasha. Wayarka tana ta ringi ba ka ɗauka. Sai ranar Talata na hango ka a layi da babbar riga, kuma kai ne mai fushi?

Eh, ina taga. Ba a barin mu shiga fili in ɗan uwanmu yana ciki. Da ka faɗi, ta kan kujeru na tsallake na fito, na bi ka har titi da auduga da filasta a hannu, mutane suna kallona kamar mahaukaciya. Ni ban yi dariya ba, kuka na yi a banɗakin ofis.

Ka ce ɗan ƙaramin abu ne. To ka ɗauke farin layin nan ka sa shi a mahaɗar titi, da tirela a gefenka, da akwatin jini a bayanka. Ka bar sigina tana nuna hagu kana tafiya miƙe, mai mota ya yarda da kai ya fito. A mota ƙofa ce za ta lotse, Baffa. A babur ƙafarka ce, ko kanka. Sannan ni zan je in zauna gaban Inna, na san da hannuna na buga hatimin.

Mai gilashin bai zalunce ka ba. Ya ce mini ma tsayawarka ta fi ta kowa, kuma kwana biyar na koyo sun ishe ka. Wanda ya faɗi sai ya jira mako biyu kafin ya sake, ina nema maka gurbi. Amma don Allah kada ka saurari dillalan lasisin da ke zama gindin bishiya a ƙofar ofishinmu. An ce an ga ɗaya ya bi ka zuwa tasha.

'Yarka


Ranar Juma'a

Tsinke,

Muna lafiya, hannu ya saɓe.

Ki riƙe gurbinki ki ba wani. Na samu lasisina, da hotona da hatimi da komai, ya fi na motar ma sheƙi. Ashe akwai mutanen da ba su haɗa jini da ni ba amma sun san darajar furfura. Ba su ce in sa lamba a ƙirji ba. Jiya na ajiye wa manaja a kan tebur, ya juya shi gaba da baya, ya rasa abin cewa. Wata mai zuwa zan karɓi makullin babur.

Kada ki ƙara wahalar da kanki da rubutu, ba ni da lokacin karanta wa'azi. Ki gaida yaran.

Baffa


Ranar Litinin

Baffa, don girman Allah ka karanta wannan har ƙarshe.

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa.

Manajanka bai rasa abin cewa ba. Ya aiko kwafin lasisin nan ofishinmu a tabbatar masa, haka ma'aikatu suke yi. Yau da safe takardar ta faɗo kan teburina, domin ni ke amsa irinsu a wannan watan. Na buɗe na ga fuskarka. Lambar da ke jiki ta wata mata ce mai sayar da magani, hatimin kuma wanda muka daina amfani da shi ne shekara uku da suka wuce. Jabu ne, Baffa, kuma jabun ma na ragwaye. Ka ba ɓarawo amanarka don ya kira ka Alhaji ya riƙe maka jaka.

Na yi fushi ƙwarai, amma ba lokacin fushi ba ne. Ina da kwana goma in ba da amsa. Ba zan rubuta cewa na gaske ne ba, kada ma ka sa rai. Sai dai akwai hanya ɗaya. Wani ya fasa gwajinsa na ranar Talatar mako mai zuwa, na sa sunanka. Ka taho ranar Alhamis ɗin nan, ka ce wa manaja hannunka ne ya tashi. Maƙwabci ya yarda da kwana biyar, safe da yamma. In ka ci, a ranar ake ba da takardar shaida. Ka kai masa da hannunka, ka ce dillali ne ya yaudare ka, ga na gaske. Ni kuma ranar Laraba zan rubuta gaskiya duka biyu: wancan jabu ne, amma mai shi ya yi gwaji ya ci, ga lambarsa. Manaja zai yi faɗa, amma ba na jin zai kori mutumin da ya shekara ashirin da bakwai kuma ya zo da kansa.

In ba ka zo ba, rabin farko kaɗai zan iya rubutawa.

Yau sau tara na kira ka. Na kira Inna, ban faɗa mata komai ba, na ce dai ta ce maka ka buɗe takardata. Ranar Alhamis ina tasha tun ƙarfe biyu.

'Yarka Tsinke


Ranar Asabar

Tsinke,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Innarki tana kwance tun shekaranjiya, jinin ya hau. Ta ji komai, kuma ba daga bakina ba, daga bakin matar mai wanki.

Ranar Alhamis manaja ya kira ni. A wannan karon ya ce in zauna. Ya tura mini takardar ofishinku, layi biyu ne kacal, da sa hannunki a ƙasa. Na gane shi tun daga nesa, har yanzu kina jan wutsiyar harafin ƙarshe. Ya ce da ban kawo komai ba, da ya nema mini wani aikin a cikin asibiti, ko a wurin ajiyar magani, har in kai ritaya. Amma mutumin da ya kawo takardar jabu ba zai riƙe makullin komai ba. Ya ba mu mako biyu mu tashi. Za mu koma gidan ƙanen innarki, ɗaki ɗaya ne kusa da inda suke ɗaure awaki.

Na fito daga ofishin ina tsine miki a zuciya, ba zan ɓoye ba. Na ce ko gargaɗi ba ki yi mini ba. Jiya ina sauke kaya daga kan kabad sai ga takardarki, a liƙe yadda Dogo ya kawo ta. Ni na jefa ta can. Da innarki ta ce kin ce in buɗe, cewa na yi na karanta, babu komai a ciki sai gaisuwa. Kiranki kuma ina gani nake kife wayar. Na zauna a kan katifar da aka naɗe na karanta sau uku. Ranar Talatar da kika sama mini, ina nan gindin ɗakin gwaji ina ba masu gadi labarin yadda na yi maganinki.

Kada ki ɗauka na huce. Ban huce ba. Har yanzu ina cewa da kin buga hatimin nan tun farko, da innarki tana ɗakinta. Ina fushi da ke, ina fushi da yaron nan mai murmushi, na koma gindin bishiya neman dillalin an ce ba a taɓa ganin mai kama da shi ba. Amma akwai wanda na fi jin haushinsa, kuma da shi nake kwana nake tashi.

Dogo ya ce mini kin yi awa huɗu a tasha ranar Alhamis ɗin da kika ce in zo, har bas ɗin ƙarshe ya shigo. Bai kamata ya faɗa mini ba.

Yau da safe na ga wanda aka ba babur ɗin. Ya ɗaure akwatin sanyi a karkace, na tsallaka titi na gyara masa igiyar, na faɗa masa asibiti na uku ba sa rufe kwalba da kyau, ya riƙa dubawa. Ya ce, "Na gode, Baba," ya ja ya tafi.

Ki sa sunana a gwajin wata mai zuwa. Na san aikin ya tafi, ba zai dawo ba. Ki ce wa maƙwabcinku zan zo, kwana biyar ɗin duka, kuma mai gilashin nake so ya gwada ni, ba wani ba. Ba zan sauka a gidanki ba tukuna, ban iya haɗa ido da ke ba. Innarki ta ce in tambaye ki ko za ki zo ki taya ta naɗe labule da kwanuka ranar Asabar mai zuwa, ban da wannan ba ta yi mini magana.

Baffanki